Masarar Orval da Gaurakin Ardis

Gibbon, Nebraska
9 ga Maris

Orval, taubashina,

Gaisuwa mai yawa gare ka, da Lavonne, da ɗanku Curtis. Ina fata sanyin bana bai kama maka ƙirji irin na bara ba. Ni ma lafiya, in ban da ƙugun nan da ya sa ni gaba. Likita ya ce sai an yi aiki, 'yata Janelle kuma ta matsa in je wurinta Omaha a yi shi a can. Na ce mata sai gauraki sun tashi.

Ran Lahadi na buga maka waya, ka ɗauka kana ta "Wa? Wa ke nan?" har na gaji na ajiye. Wane irin mutum ne zai sayi abin ji na kunne ya ɓoye shi a aljihun tebur don kada ya tsufa? Shi ya sa na koma ga biro da takarda.

Gaurakin sun iso, amma ban ji daɗin ganinsu ba. Ka tuna faɗin kogin Platte lokacin da Kawu yake kawo ka hutu, mu tsaya a wannan gaɓa mu kasa bambanta doki da saniya a waccan? Yanzu itatuwa sun cinye shi, sai 'yan hanyoyin ruwa kamar lambatu. Tsuntsayen nan a tsaye suke kwana cikin ruwa iya ƙauri, a fili, inda dila ba zai lallaɓo musu ba. Bana wurin ya yi musu kaɗan, duk sun cushe a bayan gidana. Jiya da safe na fita da sandata na tarar da gashi da ƙasusuwa a kan yashi. Da mijina Milo yana raye, da ya wuni yana zagi.

Ka san an sa ni cikin kwamitin nan na jihohi uku, a madadin masu fili a bakin kogi. Rigimar dai ita ce ta kullum. Ku na Colorado da Wyoming kuna cewa a duwatsunku ƙanƙara ke narkewa, mu na ƙasa muna cewa yarjejeniya ta ba mu rabonmu, gwamnatin tarayya kuma ta ce kowa ya dakata, tsuntsaye ma suna da haƙƙi. A taru a yi ta shan kofi ana ta surutu, kogi yana ta ƙanƙancewa.

To, ga dalilin rubutun. Bayan taronmu na ƙarshe, wani daga cikin masu aikin ruwa na wajenku ya tambaye ni ko na san manomi mai fili kusa da kogi a can. Na ba shi sunanka da kwatancen gonarka. Zai zo maka. Don Allah ka saurare shi kafin ka fara ɗaga murya. Shi zai yi maka bayani, ni ban iya shi ba.

Yaya ƙanƙara a duwatsun? Mu nan idonmu yana can.

Taka,
Ardis

Iliff, Colorado
2 ga Afrilu

Ardis,

Wasiƙarki ta zo, mun gode. Muna lafiya. Lavonne ta ce ki daina taurin kai ki je a gyara ƙugun. Kunnena kuwa ba abin da ya same shi, ke ce kike magana kamar da dankali mai zafi a bakinki.

Kin tambayi ƙanƙara. Babu. Ni da Curtis mun je har gindin duwatsun don mu gani da idonmu. Baƙi ƙirin suke, tsirara, a watan Maris. Ban taɓa ganin haka ba, Baba ma bai ba ni labarin irinsa ba.

Magudanar da ke kawo mana ruwan kogi ba za ta jiƙa ba bana. Kin san ƙa'idar, sai waɗanda kakanninsu suka riga namu tare ruwa sun sha sun ƙoshi kafin a waiwaye mu. Abin da ya rage mini rijiyoyin burtsatsen nan uku da Baba ya haƙa. A kansu zan shuka masara da wake. Curtis ya bar aikinsa a birni ya dawo gona, kuma na san bana ce za ta nuna ko zai zauna.

Maganar da ake yi a shagon kofi ita ce za a rufe rijiyoyi. Wai ta ƙarƙashin ƙasa muke zuƙe kogin, ku kuma kuna kuka rabonku ba ya tsallaka iyaka. Maƙwabcina Delbert Weimer ya ce mini, "Orval, ba kai ne mai 'yar'uwa a cikin masu tsuntsaye ba? Ka roƙa mana ita mana." Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Wa kika ba sunana? Ba ki faɗi ko wane ne ba, ba ki faɗi abin da yake nema ba. Ba na son sunana yana yawo a bakin mutanen ofis a shekara irin wannan. Ki rubuto da wuri.

Gaurakinki kuwa, in wuri ya yi musu kaɗan su matsa gaba, Allah ya ba su fiffike. Masarata ba ta da shi.

Orval

Iliff, Colorado
11 ga Yuni

Ardis,

Ina fata kina lafiya, tun da shirunki bai faɗa mini komai ba. Mu nan ba lafiya ba.

Mutuminki ya zo.

Ina kan gyaran bututu sai ga farar a-kori-kura da tambarin jiha a ƙofarta, mutum biyu a ciki. Babban ya sauko da takarda ya ce, "Kai ne Orval Schlothauer?" Na ce tun da aka haife ni. Ya ce, "Ka yi haƙuri, umarni ne, ba mu muka yi shi ba." Suka bi rijiyoyin ɗaya bayan ɗaya, suka kashe injin, suka datse da kwado, suka rataya jan kati. Curtis ya yunƙura zai tare su, sai da na riƙe masa riga. Na tambayi mutumin wa ya ba shi sunana. Ya ce, "A takarda na same shi."

Masarar ta kai gwiwa, Ardis. Kore shar take ranar. Yau ganyen ya fara naɗewa tun kafin rana ta take.

Bayan kwana kaɗan wani ya sake zuwa, shi ma a farar mota, yana murmushi. Ya ce, "Kan maganar ruwa na zo, 'yar'uwarka ta Nebraska ce ta..." Ban bar shi ya ƙarasa ba. Na kwance kare. Ina jin bai taɓa shiga mota da sauri irin na ranar ba.

Na sake ɗauko wasiƙarki na karanta. Da hannunki kika rubuta: na ba shi sunanka da kwatancen gonarka. Har da cewa in saurare shi kada in ɗaga murya. Na tambaye ki ko wane ne, kin yi shiru wata biyu. Yanzu na gane shirun.

Gaskiya ne ba ni kaɗai aka rufe wa ba, mu da yawa ne. Amma ni kaɗai ne jinina ya nuna musu hanya. Uwarki ƙanwar ubana ce. A teburinmu kika ci abinci.

Kada ki buga waya. Ko na ji ba zan ɗauka ba.

Orval

Gibbon, Nebraska
21 ga Yuli

Orval,

Ina gaishe da Lavonne da Curtis. Kai ban san ko gaisuwata tana da amfani a wurinka ba. Lafiyata kuwa, tun da ba ka tambaya ba da muka haɗu a taron kwamiti na garin Ogallala, ga ta. A farkon Afrilu ƙafata ta zame a gaɓar kogi, ƙugun ya karye gaba ɗaya. Aka ɗauke ni zuwa Omaha, aka yi aiki, wurin ya yi ruwa, aka sake buɗewa. Akwai makonnin da ban san ma wace rana ake ciki ba. Wasiƙunka biyu suna nan a gida cikin kwali tare da takardun talla. Shekaranjiya na dawo na karanta su.

Bari in faɗa maka yadda taron ya kasance daga kujerar da nake zaune. Na roƙi Janelle ta kai ni Ogallala daga Omaha kai tsaye, tana ta faɗa a hanya. Na san za ka zo, don haka na toya maka kolachi, burodin nan mai cikin busasshen 'ya'yan itace, irin wanda kake sata a kicin ɗin Mama. Na hango ka cikin manoman Colorado a ɗakin wasannin makarantar, na ɗaga maka hannu kamar yarinya. Ka dube ni kamar bango. Na ce wa Janelle, "Ga shi kurma, yanzu kuma ya makance."

Sai ka miƙe. Ka faɗi sunanka, ka faɗi rijiyoyinka, hawaye ya cika mini ido don a lokacin na fara jin labarin. Sannan ka nuna ni da yatsa ka ce, "Ga ta can, Ardis Hruska, 'yar gwaggota. Ita ta sayar da ni saboda tsuntsaye." Aka yi tafi, Orval. Wani a bayana ya ce, "Tsohuwar gauraka." Janelle ta ce mu tafi. Na ce ba inda za ni. Na dafa keken tafiyar da aka ba ni a asibiti na miƙe na faɗi abin da ya kawo ni. Kwalin kolachin a kan benci na bar shi.

Yanzu ka saurara, in kana iyawa. Masu kwado ba su buƙatar in ba su sunanka. Rijiyoyinka suna rubuce a wurinsu tun zamanin Kawu. Mutumin da na aiko maka shi ne na biyun, wanda ka sakar wa kare. Sunansa Ruben Archuleta. Aikinsa neman manoma masu filin yashi kusa da kogi, a haƙa tafkuna. Da hunturu, lokacin da ba mai ban-ruwa, a janyo ruwan kogi a zuba a ciki. Yashi ya shanye, ya bi ta ƙasa a hankali, ya koma kogin bayan watanni, lokacin da ake bukatarsa. Wani kaso na tsuntsaye ne, wani kaso kuma a rubuta wa mai filin a matsayin ruwan da ya mayar, don a bar shi ya kunna rijiya. Ya san rufewar tana tafe. Na tuna makiyayarka ta ƙasa da ba ta fid da komai sai ƙaya, na ce ga mafita.

Ka zo ka ga kogin da ka ce na sayar da kai dominsa. Babu shi. Jiya na tsallaka da keken tafiyata, takalmina bai jiƙe ba. Tarwaɗa sun ruɓe a ramuka, wari har cikin ɗaki. Ƙananan tsuntsayen da ke ƙwai a tsibiran yashi, diloli sun taka da ƙafa sun cinye su sarai. Ruwanka bai zo mini ba. Bai zo wa kowa ba.

Ardis

Iliff, Colorado
18 ga Agusta

Ardis, 'yar'uwa,

Lavonne ce. Ina gaishe ki da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Wallahi ba mu san kin kwanta ba, da ko Orval ya ƙi ni zan zo. Ni ina nan, hawan jinin ne dai yake hawa da sauka.

Ya karanta wasiƙarki a tsaye a kicin. Ya ninke ta, ya fita, ya hau tarakta ya yi ta kewaya filin da babu abin nomewa a cikinsa har rana ta yi sanyi. Na san ba zai rubuto ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Gaskiyar ita ce kafin wasiƙarki ta zo ya riga ya ji. Ran Lahadin da ta biyo bayan taron, muna fitowa daga coci, Delbert ya tare mu. Ashe shi ya sa hannu da wannan Ruben ɗin tun watan Yuni, saboda haka aka buɗe masa rijiya ɗaya na wucin gadi. Wakensa kore, namu kamar an babbake. Ya dafa kafaɗar Orval yana dariya ya ce, "Ai ni godiya nake yi wa karenka. Wurinka aka fara aiko mutumin, ya taho gidana wandonsa a yage yana neman ruwan sha." Orval ya ce, "Wane mutumin?" Delbert ya ce, "Mai tafkunan mana. Ya ce wata tsohuwa a Nebraska ce ta dame shi sai ya fara da kai." Ardis, na ga fuskar mijina ta canza. Na ɗauka faɗuwa zai yi.

Mun yanke masarar tun ba ta yi goyo ba, mun tara wa shanu. Shanun ma mun rage su. Curtis ya samu aiki a rijiyoyin mai a Wyoming, ya tafi makon jiya. Da zai shiga mota ya ce wa ubansa, "Da ka bar mutumin ya gama magana." Orval ya juya ya shiga gida. Tun ranar ba ya cin abin kirki. Na yi masa burodin kabeji da nama, ya ɗan taɓa ya ture.

Abin da ya yi miki a gaban jama'a ba daidai ba ne, na faɗa masa, kuma zan ci gaba da faɗa masa. Amma ki bar ni in faɗa miki naki. Kin san halinsa tun kuna yara. Layi biyu kawai za ki ƙara a wasiƙar farko, ki ce tafki ne, ga sunan mutumin. Sannan akwai abin da yake ci mini rai. Na ji abin da kika faɗa a taron bayan ya zauna. Kin ce a bar wa kogi ruwa ya gudana ko a shekarar fari. Na yarda ba ki ba da sunanmu ba. To amma ruwan da kike nema, daga gonar wa zai fito?

Ba faɗa nake yi ba. Ina so in sani ne.

Taki,
Lavonne

Gibbon, Nebraska
6 ga Satumba

Lavonne,

Na gode da gaisuwa. Na ajiye keken, na koma sanda. Ki riƙa shan maganinki, kada ki bar shi ya kwantar da ke a kan taurin kansa. Labarin Curtis ya hana ni sukuni.

Layi biyun, kin yi gaskiya. Na yi ta juya abin a raina. Na ji tsoron in na ce tafki ne na tsuntsaye zai ƙi tun kafin ya ji, sai na yi dabara, dabarar ta kashe mu duka.

Tambayarki kuwa, ba ni da amsa mai daɗi. Daga gonar wani zai fito. Wani kaso daga taku, wani daga ta maƙwabtana, don mu ma nan injinanmu ba su hutawa. Kada ki ɗauka a Nebraska ana ɗaukata a kafaɗa. Matar da muka yi shekaru muna zama benci ɗaya a coci ta koma wani layin. An harbe mini akwatin wasiƙa. Su suna cewa ina son in kashe musu masara, ku kuna cewa haka, masu tsuntsaye kuma suna ganin na cika tausayin manoma.

Amma na zauna a bakin kogin nan tun ina amarya, ina kallonsa yana mutuwa kaɗan-kaɗan. Kowa yana da takardar da ta ce rabonsa ne, in aka haɗa takardun sun fi ruwan yawa. Gauraki ba su da takarda. In ban yi magana ba, ban san wanda zai yi ba. Ba zan janye ba, Lavonne, ko don Orval.

Janelle ta kawo wani mai sayen fili ya duba gidan ba tare da ta tambaye ni ba. Wai yana son ya gina wurin farautar agwagi. Na kore su su biyun. Amma matakalar ƙofa tana ba ni wuya, kuma ta sani.

Na buga wa Ruben waya. Ya ce har yanzu yana neman fili, sai dai rabon bana ya wuce, kuma sharuɗɗan ba su kai na Delbert daɗi ba. Ya ce ba ya riƙe da kowa, amma ba zai sake taka gonarku ba sai an ɗaure karen. Ki faɗa wa mijinki, ko kada ki faɗa. Wannan karon na rubuta komai.

Ardis

Iliff, Colorado
14 ga Nuwamba

Ardis,

Ina gaishe ki. Lavonne ta ce kin koma sanda, na ji daɗi. Ni lafiya, na rame dai. Curtis yana bugo waya ran Lahadi, da uwarsa yake magana.

Na fara wasiƙar nan sau da yawa ina yagewa. Ban iya irin wannan maganar ba. Na yi miki ƙarya a gaban mutane, a lokacin ban san ƙarya ba ce, amma hakan bai rage mata komai ba. Kina kwance a asibiti ina nan ina ƙirga miki laifi.

Na je wurin Ruben da kaina. Na tsaya a kanti na saya masa wando, na ajiye masa a tebur. Ya ɗaga ya duba ya ce, "Ya yi mini yawa." Na ce, "Da gudu na gan ka, ban samu na auna ba." Daga nan muka zauna.

Ga yadda take. Za su haƙa tafkuna a makiyayar ƙasa. Mafi yawan ruwan na kogi ne, wato naku da tsuntsayenki. Abin da za a rubuta mini zai isa rijiya ɗaya, in an yi sa'a. Biyun za su zauna da kwadonsu, watakila har abada. Na ce masa wannan ai fashi ne da rana tsaka. Ya ce, "Watakila. Amma shi ke hannuna." Na sa hannu.

Kada ki ɗauka na tuba na koma mai tsuntsaye. Har gobe ina ganin ba daidai ba ne a ce mutumin da ubansa ya haƙa rijiya da izinin hukuma, ya ciyar da iyali shekara hamsin, a wayi gari a ce masa ɓarawon kogi ne. Ba wanda ya faɗa wa Baba haka lokacin da suke ba shi lambar yabo ta masara. Wasu a shagon kofi sun daina yi mini magana saboda na sa hannu. Su ne dai suka yi mini tafi a Ogallala.

Na karanta abin da kika rubuta wa Lavonne, cewa ba za ki janye ba ko don ni. Na ji haushi. Daga baya na ga da kin ce za ki janye, da ban yarda da sauran maganarki ba.

Kada ki sayar wa mai farautar nan. Ki sa a yi miki gangara a ƙofa maimakon matakala, aikin wuni ɗaya ne.

Orval

Iliff, Colorado
3 ga Fabrairu

Ardis,

Katinki na Kirsimeti ya zo, mun gode. Layi ɗaya ne, amma na san ban cancanci biyu ba. Muna lafiya, Lavonne ta yi mura ta warke. Yaya ƙugun da wannan sanyi?

Sun saki ruwan a tafkunan. Na tsaya a gaɓa hannuwana cikin aljihu ina kallon ruwa mai kyau yana kwarara cikin yashi a tsakiyar hunturu, yashin yana shanyewa kamar ba a zuba ba. Na tuna masarata a watan Yuli, sai da na juya baya. Ruben ya ce, "Yana tafiya, Orval, ba ka dai ganinsa ne." Na ce masa a coci ma haka suke faɗa mini. Yanzu tafkunan sun fara riƙe ruwa, dinyoyi sun gano wurin, suna hana mu barcin safe.

Ƙanƙarar duwatsu ta fi ta bara, amma ba ta kai ba. Zan shuka abin da rijiya ɗaya za ta iya shayarwa, sauran filin in bar shi. Na faɗa wa Curtis. Ya tambaye ni wane irin iri zan saya. Ban san abin da tambayar take nufi ba, ban kuma matsa ba.

An sa taron Ogallala a ƙarshen wata. Manoman nan suna so in yi magana a madadinsu, Ruben ma yana so in yi magana a kan tafkuna. Ban gama sanin abin da zan faɗa ba. Amma na san na farko. A tsaye na ɓata miki suna, a gaban mutanen nan, a ɗakin nan. A tsaye zan gyara. Ki zauna a layin gaba inda zan gan ki.

Abin da zai biyo baya ba lallai ya yi miki daɗi ba. Zan nemi a buɗe mana rijiyoyi.

Orval

Gibbon, Nebraska
12 ga Fabrairu

Orval, taubashina,

Ina gaishe ku duka. Ƙugun yana nan yana gunaguni, ni ma ina mayar masa.

Kogin ya ɗan motsa, ruwa ya rufe yashin bayan gida. Ban san ko akwai naka a ciki ba, Ruben ya ce da saura, ni dai na fita na dube shi da kyau. Gaurakin farko sun sauka shekaranjiya, sun yi sammako bana. Wurin har yanzu ya yi musu kaɗan.

Zan zauna a layin gaba. Ka faɗi na farkon da ƙarfi, don wanda ya kira ni tsohuwar gauraka a baya yake zama. Sannan ka nemi rijiyoyinka. In ka zauna zan miƙe in nemi a bar wa kogi ruwan, kuma ba zan sassauta don kai ba.

Ka zo da Lavonne. Ko wa aka ba gaskiya a cikinmu, in an tashi tare za mu ci abinci, a gidan abincin da ke kallon makarantar, a teburin da ke bakin taga, inda duk wanda ya fito daga taron zai gan mu.

Taka,
Ardis